Urushalima da kuɗin wa?

Ranar Lahadin da ɗaya daga cikin dattawan ikilisiyarmu ya dawo daga Ƙasa Mai Tsarki, sujada ta kai mu har kusan ƙarfe ɗaya. Zumuntar mata suka tarye shi tun daga bakin ƙofa da tulu da caki, ana guɗa. Ya shigo da 'yar hular nan ta Yahudawa a tsakar ka, da gyale fari mai ratsin shuɗi a kafaɗa. Aka jera kwalaben ruwan Urdun da na man zaitun a gaban bagade. Da sakatare ya zo karanta sanarwa, sai ya kira sunansa ya ƙara masa haruffa biyu a ƙarshe, JP, alamar wanda ya taka Urushalima. Majami'a ta ɗauki tafi.

Da aka tashi muka taru a gindin mangwaro kamar kullum. Na kasa kunne in ji ko wani zai tambayi abin da dattijo ya gani, ko abin da ya taɓa zuciyarsa a can. Tambaya ɗaya ce ta yi ta zagayawa, ƙasa-ƙasa, daga wannan baki zuwa wancan: "Wa ya ba shi kujera?" Kowa ya san albashinsa, kowa kuma ya san ɗan majalisar da yake wa hidima tun zaɓen da ya wuce.

Tambayar ce ta sa ni wannan rubutu. Ra'ayina shi ne gwamnati, ta jiha ko ta tarayya ko ƙaramar hukuma, ta daina biya wa Kirista kuɗin zuwa Urushalima, kuma ya kamata mu Kiristoci mu riga kowa faɗin haka, ba sai mun jira an daina wa wasu ba.

Kafin wani ya ce hassada ce, na je. A 2019 na je, ni da Goggona, ƙanwar mahaifina, da kuɗin adashin da muka shafe shekara huɗu muna zubi, ita kuma ta haɗa da na awakinta. Ban yi da-na-sani ba ko na sisin kwabo. Gani ya kori ji, kuma akwai ayoyin da na karanta tun ina makarantar Lahadi amma ban fahimce su ba sai da ƙafata ta taka wurin.

Ɗauki misalin Basamariyen nan mai tausayi. Labarin ya fara da cewa wani mutum yana gangarowa daga Urushalima zuwa Yariko. Ni dai a da, kalmar "gangarowa" ado ce ta magana. Ashe Urushalima tana kan tudu, kusan mita 800 sama da teku, Yariko kuma tana can ƙasa, wajen mita 250 ƙasa da teku, tsakaninsu bai kai kilomita 30 ba. Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a mota ya san yadda kunne ke toshewa. Haka namu suka yi. Hagu da dama duwatsu ne tsirara da kwazazzabai, babu inuwa, babu gida. Ina kallo ta taga na ce a raina, lallai idan 'yan fashi suka tare ka a nan, ko ihu ka yi ba mai ji. Sai kuma na ɗan sassauta wa firist ɗin nan da Balawen da suka ratse ta gefe. Tsoro ne, irin wanda duk mai bin hanyar Birnin Gwari ya sani. Hakan kuma ya ƙara wa wanda ya tsaya girma a idona.

Tekun Galili ma haka. Sunan teku ne, amma tafki ne, tsawonsa kilomita 21, faɗinsa 13. Daga cikin jirgin ruwa kana hangen wannan gaɓa da waccan. Kafarnahum, inda Yesu ya zauna, 'yar alƙarya ce ta baƙaƙen duwatsu, in ka zaga ta duka ba za ka yi gumi ba. Goggo ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan nan, ashe duk abin da ya girgiza duniya a wannan ɗan wurin aka yi shi?"

Wurin da ta fi ba ni dariya shi ne Kogin Urdun. Shekara sittin tana rera waƙoƙin haye Urdun, a zuciyarta wani makeken ruwa ne. Da muka isa wurin da ake kira Qasr al-Yahud, kusa da Yariko, sai ga ruwa jawur mai laka, faɗinsa bai fi a jefa dutse da hannun hagu ba. Masu ziyara na tsallake, a ɓangaren ƙasar Jodan, muna jin waƙarsu suna jin tamu. Goggo ta dube shi ta ce Galma da damina ta fi wannan. Na ce mata Goggo, ba ke kika fara ba. Na'aman Basuriye ma da annabi Elisha ya aike shi ya yi wanka sau bakwai, fushi ya yi, ya ce Abana da Farfar na Dimashƙu sun fi dukan ruwayen Isra'ila. Shi Na'aman ɗin kuma, bayan ya warke, sai da ya roƙi a ba shi ƙasar wurin, kayan alfadarai biyu, ya tafi da ita gida. Saboda haka ba na yi wa masu ciko jarka dariya. Halin ɗan Adam ne ya so ya riƙe wani abu a hannu.

To, duk da wannan daɗi, akwai abin da muke kauce wa faɗi a majami'u: wannan tafiya ba farilla ba ce. Aikin Hajji rukuni ne cikin rukunan Musulunci biyar, wajibi ne sau ɗaya a rayuwa ga wanda ya samu iko. Mu ba mu da irin wannan. Babu aya ɗaya a Sabon Alkawari da ta ce mai bi ya je Urushalima. Abin da ke akwai shi ne amsar da Yesu ya ba Basamariya a bakin rijiyar Yakubu, da ta tambaye shi wurin da ya dace a yi sujada, ya ce lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ba, ba kuma a Urushalima ba, sai dai cikin Ruhu da gaskiya.

Tun farkon al'adar ma ana wannan muhawara. Bayan Helena, mahaifiyar Sarki Kustantin, ta ziyarci ƙasar wajen shekara ta 326, aka gina majami'u a Baitalami da kan kabarin Yesu, mutane suka fara tururuwa. Ba a yi nisa ba sai Giregori, bishof na Nissa a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda shi da kansa ya je ya gani, ya rubuta cewa canjin wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah. Jerom, da ya shafe sama da shekara 30 a Baitalami yana fassara Littafi Mai Tsarki, ya rubuta wa wani abokinsa cewa ƙofar sama a buɗe take daga Birtaniya kamar yadda take daga Urushalima. Martin Luta kuwa, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, a 1520 bai yi wata kwana-kwana ba, ya ce kuskure ne magidanci ya kwashi dukiya ya tafi Roma ya bar mata da 'ya'ya cikin rashi, alhali kula da su ne Allah ya umarta.

Kuma yawancinmu a Arewa jikokin wannan ra'ayi ne. Mishan ɗin SIM da ya haifi ikilisiyar ECWA, da SUM da ya haifi ikilisiyoyin COCIN da LCCN da sauransu, da CMS da Likita Mila ya jagoranta a Zariya kafin a koma Wusasa, sun kawo makaranta da asibiti da littafin waƙoƙi, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ziyara ba ta cikin kayansu. Kakanninmu sun yi bishara a ƙafa da kan keke, sun mutu ba su taɓa ganin Urdun ba, ba wanda ya ce bangaskiyarsu ta yi giɓi.

Daga ina ke nan muka samo kujera da maniyyaci da guzuri da tsaraba da laƙabi? Daga maƙwabta. Mun tashi muna ganin ana rakiyar alhazai filin jirgi, suna dawowa da dabino da zamzam da carbi da haƙorin Makka, ana kiransu Alhaji da Hajiya har ƙarshen rayuwa. Muka yi sha'awa. Wannan ba abin kunya ba ne, zama wuri ɗaya ya gaji aron juna, kuma kalmomin ibadarmu da yawa, daga addu'a zuwa zakka zuwa sujada, tukunya ɗaya muke ɗiba da su. Inda abin ya karkace shi ne lokacin da sha'awa ta koma zaman kishiyoyi, gwamnati ta zama maigida: in an ɗinka wa uwargida, dole a ɗinka wa amarya, ko da ita ba zane take bukata ba. A 2006 aka kafa hukumar alhazai ta NAHCON da doka. A 2007 aka kafa hukumar masu ziyara ta Kirista, NCPC. Jihohi kuma yawancinsu da hukumomi bibbiyu, da shugabanni da motoci da kasafi.

Ban ce gwamnati ba ta da aiki a wannan harka ba. Tana da shi. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ba a maido ba sai 1992, kuma wanda ya san wahalar biza ya san cewa talaka shi kaɗai ba zai iya da ofishin jakadanci ba. Yarjejeniyar jiragen sama da aka sa wa hannu a 2013, lokacin da Shugaba Jonathan ya je ziyara, aikin gwamnati ce. Tantance kamfanonin tafiye-tafiye don kada a damfari mutane, da allurar rigakafi, da tsaya wa ɗan ƙasa in ya shiga matsala a waje, duk nata ne. A ɓangaren Hajji ma dole sai da ita, tunda Saudiyya ƙasa-ƙasa take raba kujeru. Shirya tafiya daban, biyan kuɗin tafiya daban. Na biyun nake magana a kai.

Bari in faɗi abin da na gani a ayarinmu. Mu da muka biya da kanmu ba mu kai rabin mota ba. Sauran kujerun gwamnati ne, kuma cikinsu akwai mutanen kirki ƙwarai, wasu har yau muna zumunci. Amma akwai wani da wannan ne zuwansa na uku, duk a kyauta, ya haddace shagunan da ake tsayawa fiye da yadda ya haddace Zabura. Akwai matan manya biyu da ba su sauka a lambun Getsamani, inda aka kama Yesu, ba saboda rana. Akwai wani saurayi, ɗan ƙanin wani babban ɗan siyasa a yankinsu, wanda a kwana na biyar muka wayi gari a otal aka ƙirga aka sake ƙirgawa babu shi. Ya bar jakarsa a ɗaki da Littafi Mai Tsarki sabo fil a kan gado. Ranar ba mu fita da wuri ba, ja-gora yana ta waya, jami'anmu suna zufa, mu kuma muna jin kunya kamar mu muka gudu. Matsalar tserewar masu ziyara tsohuwa ce, hukuma da kanta tana yawan kuka da ita, ita ce ma ta sa ake neman mai tsaya wa mutum da dogon bincike kafin a ba shi biza. Ba na cewa duk mai gudu ɗan kujera ne. Amma wanda ya yi shekara huɗu yana zubin adashi don ya ga kabari, da wuya ya bar ayari ya shiga gonar wani yana tsintar tumatir.

Wannan duk ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da kujera ke yi wa bagade. Kujerun ba daga sama suke faɗowa ba. Gwamna ne ke amincewa da adadi, a raba wa 'yan majalisa da kwamishinoni da shugabannin ƙananan hukumomi da shugabannin addini, kowa ya kai wa nasa. Fasto da ya samu ya san hannun da ya miƙo masa. Idan albashin malaman firamare ya maƙale wata uku, rabinsu kuma 'yan ikilisiyarsa ne, da wane baki zai yi wa'azi a kan annabi Amos, mai tsawata wa masu danne talaka? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na san masu hidima da suka ƙi karɓa saboda wannan dalili, suka sha surutu a wurin matansu da dattawansu, amma har yau in sun hau mumbari sukan faɗi abin da suke so su faɗa.

Akan ce ai ana tura su ne su yi wa ƙasa addu'a. Duk bikin sallamar maniyyata sai ka ji wannan. Ina girmama addu'a. Amma a watan Oktoban 2014, watan da shugaban ƙasa ya koma Urushalima karo na biyu tare da tawaga, a watan ne Boko Haram ta kama Mubi, ta mamaye hedikwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi, dubban masu bi suka bazu cikin duwatsu, wasu har Kamaru. Waɗannan mutane sun yi addu'a a daji, ba abinci ba bargo, kuma ban yarda cewa tasu ta fi ta masu otal a Tibariya jinkirin isa ba. Abin da suka nema a wurin gwamnati soja ne da hanya da matsuguni. Shi ne aikinta, don shi ake karɓar haraji, daga Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya da wanda bai yarda da komai ba. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa. Mu sai muka fassara shi da cewa in ta ɗauki biyu a tare ba laifi.

Ba ni na fara wannan magana ba. Kwamitin Oronsaye, da aka kafa don rage hukumomin gwamnatin tarayya, a 2012 ya ba da shawarar gwamnati ta janye hannu daga ɗaukar nauyin masu ziyara na addinan biyu. Taron ƙasa na 2014 ya maimaita. A Kaduna, Malam Nasir El-Rufa'i ya dakatar da biya wa kowa a 2015, Makka da Urushalima. Ina da saɓani da mutumin a abubuwa da dama, amma a nan ya yi daidai, kuma sama ba ta faɗo ba: masu hali suka ci gaba da tafiya. Da gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin naira biliyan 90 ga aikin Hajjin 2024, na ji Musulmi da yawa, har da malamai, suna cewa wanda ba shi da iko ai Hajji bai hau kansa ba, a kai kuɗin asibiti. Na so in ji irin wannan murya daga wajenmu. Abin da na fi ji shi ne "mu ina namu?"

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Za a ce mu a Arewa an danne mu a abubuwa da yawa. A wasu jihohi filin gina majami'a ma sai an sha wuya, malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati sai an tona. Kujerar Urushalima na cikin 'yan abubuwan da ke nuna cewa gwamnati ta san da zamanmu, in muka ce a soke, namu za a soke a bar na wasu. Na fahimci wannan tsoro, a cikinsa na girma. Amma a duba cinikin da kyau. Kujera hamsin a shekara ta fi sauƙin bayarwa a kan takardar fili ɗaya, kuma da ita ake rufe bakin waɗanda ya kamata su nemi takardar. Idan za mu yi faɗa, mu yi shi a kan malami da fili da adalci a ɗaukar aiki, abubuwan da 'ya'yanmu za su gada. Tikitin kwana goma kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Za a kuma ce, to gwauruwa da mai bishara na ƙauye, waɗanda ba za su taɓa tara kuɗin ba fa? Tambaya ce mai kyau, sai dai ku ƙirga nawa daga cikinsu suka taɓa samun kujerar. Kuma wannan aikin namu ne. Ikilisiyar da ke iya haɗa kuɗin mota ga fasto, ta yi baikon godiya na kaka da buhunan masara har bakin ƙofa, za ta iya tura mutum ɗaya duk bayan shekara uku. In ta tura shi, ita ta zaɓe shi, ta san halinsa, kuma in ya dawo ita yake bin bashin labari.

Akwai wani abu kuma da tafiyar kyauta ke haifarwa, wato rashin tambaya. Wanda aka biya wa ba ya tambayar inda za a kai shi. A sa mu a mota, a sauke, a karanta aya, a yi waƙa, a ɗauki hoto, a koma mota. A Yardenit, wurin da aka buɗe a 1981 domin masu yawon ziyara, nesa da inda tarihi ya nuna Yahaya ya yi baftisma, mutanen da aka yi wa baftisma shekara talatin da suka wuce suna hayar farar riga ana sake nutsar da su, fastocin da suka koya musu "baftisma ɗaya" suna tsaye a ruwa suna yi. A Urushalima a nuna maka kabari biyu, na cikin tsohuwar majami'a da na cikin lambu, kowanne da masu rantsuwa a kansa. Wannan bai dame ni ba, tunda dukansu babu kowa a ciki.

Abin da ya dame ni Baitalami ne. Garin yana Gaɓar Yamma, ƙarƙashin hukumar Falasɗinu, kilomita goma kacal daga Urushalima, amma sai ka wuce shingen sojoji da doguwar katangar kankare. Awa biyu aka ba mu. Muka sunkuya ta 'yar ƙofar nan ta Majami'ar Haihuwa, muka bi layi muka taɓa tauraron azurfa, sai shago. Mai shagon dattijo ne, yana sassaƙa giciye da itacen zaitun. Goggo ta yi atishawa, ya ce mata wani abu da Larabci, ta tsinci sunan Allah a ciki. Ta ja ni gefe ta ce, "Musulmi ne yake sayar da giciye?" Na tambaye shi. Ya yi murmushin wanda ya gaji da tambayar, ya zaro sarƙar wuyansa ya nuna mana, ya ce su Kiristoci ne tun kafin a san da Turai. Goggo ta yi shiru. Ita da ta shafe rayuwarta ana ce mata "ke Bahaushiya ce kuma Kirista?", ita da Littafinta ya fara da "A cikin farko Allah", yau ga ta ta yi wa wani irin tambayar. Ta kama hannunsa biyu tana ba shi haƙuri da Hausa, shi yana amsawa da Larabci, ja-gora yana danna mana hon.

Baitalami a da gari ne da Kiristoci suka fi yawa, yau su ne 'yan tsiraru, ƙaura tana cinye su, abincinsu kuma ya dogara ga baƙi. Bayan yaƙin da ya ɓarke a ranar 7 ga Oktoban 2023, baƙi suka ɗauke ƙafa, aka soke bukukuwan Kirsimeti a dandalin garin a shekarar da wadda ta biyo. A majami'unmu na nan an yi ta addu'a domin Isra'ila, wasu har da tuta a gefen bagade, kamar Isra'ilan Ibrahim da Ishaku ita ce gwamnatin da aka kafa a 1948. Ban ji an ambaci mai sassaƙar nan da ire-irensa ba, ko 'yan'uwa da suka fake a majami'un Gaza. Dubbanmu sun je sun dawo da laƙabi, kaɗan ne suka san cewa akwai Balarabe Kirista. Da hanya ta rufe, a zamanin korona aka karkata ayari zuwa Jodan, bayan yaƙin kuma aka nufi Roma da Girka. Wuraren suna da tarihi, Dutsen Nebo da sawun Bulus ba abin rainawa ba ne. Amma ni abin da na karanta a ciki shi ne, in dai an ware kuɗi, to sai an tafi wani wuri.

A Majami'ar Kabari Mai Tsarki na ga abin da na so a ce kowane shugabanmu na addini ya zauna ya yi tunani a kai. Ɗariku shida ke raba ginin, Girkawa da Katolika da Armeniyawa da Kibɗawa da Habashawa da Suriyawa, kuma rashin jituwarsu ya kai ga wani tsani na katako ya shafe fiye da ƙarni a jingine ƙarƙashin taga ba mai ikon gusar da shi. Mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun Musulmi. Gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa, ɗaruruwan shekaru ke nan. Daura da ƙofar akwai masallaci mai sunan Halifa Umar, wanda aka ruwaito ya ƙi yin salla a cikin majami'ar don kada na baya su mayar da ita masallaci. Sufayen Habasha, baƙaƙe irinmu, suna zaune a 'yan ɗakunan laka a kan rufin.

Daga nan na saci jiki na bar ayari na awa ɗaya, na nufi wajen ɗaya daga ƙofofin Masallacin Ƙudus, inda unguwar 'yan Afirka take. Jikokin mutanen da suka fito daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal ne, cikinsu har da Hausawa, waɗanda suka yi Hajji suka zarce Ƙudus suka zauna. Kakanninsu irin takarin nan ne da ke barin Kano ko Barno a ƙasa, su yi noma a Chadi, su yi ƙwadago a gonakin auduga na Sudan, su tara kuɗin jirgin ruwa a Suwakin, tafiyar da kan ci shekaru, wasu a haife su a hanya, wasu a binne su a hanya. Ba gwamnan da ya sallame su a filin jirgi. Na tsaya a bakin lungun ina kallon yara masu kama da 'ya'yan maƙwabtana suna buga ƙwallo, na kasa cewa komai, na koma mota aka yi mini faɗan makara.

Goggo ba ta yarda a sa mata JP ba. Da sakatare ya gwada, ta ɗaga hannu daga layin mata ta ce sunan da aka yi mata baftisma da shi ya ishe ta. Tsarabarta 'yan giciye ne na zaitun guda ashirin daga shagon dattijon nan, ta ƙi neman ragi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a kasuwar Sabon Gari. Watan da muka dawo ta sa zumuntar mata suka buɗe asusu, gwangwanin madara ne babba da aka huda murfinsa, domin tura tsohuwar da ke share majami'a tun ina yaro. Lokacin dala tana wajen naira 360. Yanzu ta haura dubu, kuɗin tafiya ya ninka ya sake ninkawa, gwangwanin ya koma asusun banki, har yau bai cika ba. Bara ɗan majalisarmu ya aiko a gaya musu zai ba tsohuwar kujera in an buɗe hanya. Suka zauna a kai ranar Alhamis bayan addu'a, muhawara ta yi zafi, har wasu suka yi fushi suka fita. Da aka tambayi ita mai sharar, ta ce ita dai a ci gaba da zubi, in ta riga asusun cika a ba wata. Ranar Lahadin da ta wuce na ga ma'aji tana rubuta naira ɗari biyar a gaban sunan Goggo.